Cin Abinci a Manyan Otal-otal na Akra: Tambayoyi da Amsoshi

Waɗannan su ne tambayoyin da suka fi maimaituwa a bakin mutanenmu na unguwannin Akra, wato Nima da Mamobi da Sabon Zango da Madina da Fadama, duk lokacin da aka gayyaci wani zuwa ɗakin cin abinci na babban otal, ko shi da kansa ya yi niyyar kai iyalinsa ko baƙin da suka sauka daga Kumashi ko Tamale. In an duba da kyau, kaɗan ne daga cikinsu suka shafi ɗanɗanon abincin. Mafi yawa tsoro ne na jin kunya a gaban mutane, ko na cin haram ba da sani ba, ko na takardar kuɗin da za a ajiye a kan tebur a ƙarshe. Hausawa sun ce matambayi ba ya ɓata, kuma a irin wannan wuri tambayar da aka yi kafin oda ita ce ke da amfani.

Sai wanda ya kama ɗaki a otal ɗin ne ake bari ya ci abinci a can?

A'a. Ɗakin cin abinci na otal a buɗe yake ga duk wanda zai biya, ko da daga gidansa na Mamobi ya taso kuma can zai koma ya kwana. Masu gadi za su iya duba mota ko jaka a bakin ƙofa, kuma kowa suke yi wa haka. Idan aka tambaye ka lambar ɗaki, musamman lokacin karin kumallo, sai ka ce daga waje ka zo, domin tambayar ta sanin inda za a rubuta kuɗin ce kawai.

Waɗanne otal-otal ake nufi, kuma a ina suke?

Mafi yawansu suna wurare uku. A tsakiyar gari, wajen Ridge, akwai Kempinski Gold Coast City mai ɗakin cin abinci da ake kira Papillon, da Mövenpick Ambassador mai Sankofa. Mövenpick ɗin an buɗe shi a 2011 a filin tsohon otal ɗin Ambassador, wanda gwamnatin Ingila ta ba Gana kyauta lokacin samun 'yancin kai a 1957, shi ya sa dattawan da har yanzu suke kiran garin nan Ankara ba su san wurin da wani suna ba sai Ambasada. A bakin teku, a La, akwai Labadi Beach da ke aiki tun 1991 da maƙwabcinsa La Palm Royal Beach. Sai kuma Airport City, kusa da filin jirgin sama, inda Marriott ya buɗe a 2018 da ɗakin cin abincinsa mai suna Red Red, sunan wake da manja da soyayyar ayaba da kowa ya sani.

Hukumar yawon buɗe ido ta Gana ce ke ba otal lasisi da taurari. Sai dai taurari suna auna ginin da hidimarsa gaba ɗaya ne, ba hannun kuku kaɗai ba, don haka otal mai taurari huɗu yana iya fin mai biyar iya miya.

Dole ne a kama tebur kafin a je?

Ranar Talata da rana, mutum biyu ba su da buƙatar haka. Amma ranar Lahadi, lokacin da iyalai ke fitowa daga coci su cika bufe (inda ake jera abinci kowa ya zuba da kansa), da daren Juma'a da na Asabar, da ranar 14 ga Fabrairu da Gana ta mayar ranar cakulan, da 6 ga Maris, ranar 'yancin kai, gara a buga waya kwana ɗaya ko biyu kafin ranar. Watan Disamba kuwa ya zama abin da ya zama tun 2019, shekarar da gwamnati ta kira baƙaƙen fata na Amurka da sauran ƙasashe su dawo gida ziyara. Daga tsakiyar watan zuwa sabuwar shekara tebur yakan yi wuya.

Wannan wayar ita ce babbar damarka. A cikinta za ka tambayi kuɗin bufe na mutum ɗaya, da ko haraji yana ciki, da kuɗin yara, da batun nama da za a yi bayaninsa a gaba. Ka kuma lissafa cunkoso: wanda ya kama tebur na ƙarfe 7 a Airport City, ya taso daga Sabon Zango ƙarfe 6 da rabi a ranar aiki, Ring Road da Liberation Road za su ba shi kunya.

Wace sutura ta dace? Babbar riga ko hijabi ba za su sa a riƙa kallona ba?

Kaftani da hula, babbar riga, batakari, abaya da hijabi duk cikakkiyar shiga ce a ko'ina cikin Akra. Ƙasar da tun 2004 ta ware Juma'a don sanya kayan gida a ofisoshi ba za ta yi mamakin zanna-bukar ba. Abin da wasu wurare ke hanawa da dare shi ne gajeren wando da singileti da silifas ɗin wanka, irin wanda ake ce wa cale-wote. Shawara ɗaya ga mai babbar riga: ya naɗe hannunta kan kafaɗa kafin ya tunkari teburin bufe, kuma mata su ɗauki mayafi mai ɗan kauri saboda sanyin na'ura.

Mene ne bambancin bufe da yin oda daga menu?

A bufe kuɗi ɗaya ake biya kan kowane mutum, an jera abinci, ka zuba da kanka, ka koma sau nawa ka ga dama. Duk komawa sabon faranti ake ɗauka, a bar tsohon a tebur ma'aikata su kwashe. A menu kuwa kowane abu da kuɗinsa, sai ka zaɓa a dafa maka, kuma yakan zo daki-daki: ɗan abin buɗe baki kamar miya ko salak, sai babban abinci, sai kayan zaƙi. Babu wanda ya wajabta maka cin ukun. Babban abinci kaɗai ya isa oda.

Ga wanda zuwansa na farko ke nan, bufe ya fi sauƙi, domin ido yana ganin abin da za a ci kuma an san kuɗin tun farko. Aibinsa biyu ne. Abin sha sau da yawa ba ya cikin kuɗin, sannan cokulan zubawa suna yawo daga wannan tasa zuwa waccan a hannun baƙi, abin da ke da muhimmanci ga mai gudun alade.

Me ya sa kuɗin da aka kawo ya fi wanda na gani a menu?

Haraji ne. A Gana ana ɗora wa abincin otal harajin VAT kashi 15 cikin ɗari tun 2023, da kashi 2.5 na inshorar lafiya, da kashi 2.5 na asusun ilimi na GETFund, da kashi 1 na yawon buɗe ido wanda ya samo asali daga dokar 2011. Jimillarsu ta haura kashi 20. Wasu otal-otal sun riga sun haɗa su cikin farashin da ke menu, wasu kuwa sai a ƙarshe suke ɗorawa, kuma bayanin yana can ƙasan shafi da ƙananan haruffa. Idan ba a haɗa ba, abincin sidi 200 zai koma wajen sidi 242, tun kafin a zo ga ruwa da lemo. Wasu wurare suna ƙara kuɗin hidima a kan haka, wanda shi ba na gwamnati ba ne. Duba amsar da ta shafi tukuici.

Idan da dattijo a teburin, a kiyaye karanta jimillar da ƙarfi. Tun 2007 aka cire sifiri huɗu daga sidi, amma da yawa daga iyayenmu da tsohon lissafi suke ƙirga, kuma sidi 500 a kunnensu miliyan biyar ne. Abincin da ya riga ya shiga ciki sai ya nemi tsayawa a maƙogwaro.

Naman da ake dafawa halal ne?

Babu amsa ɗaya da za ta game dukkan otal-otal, har ma otal guda yana iya samun nama daga wurare dabam-dabam. Musulmi kusan kashi 20 cikin ɗari ne na mutanen Gana bisa ƙidayar 2021, amma sana'ar fawa ta daɗe a hannun mutanen Arewa da na zango, kuma shanu da awakin da ke saukowa daga Burkina Faso zuwa kasuwar Tulaku a Ashaiman galibi Musulmi ne ke yanka su. Saboda haka naman akuya da na sa na gida, irin wanda ake sawa a miyar gyaɗa ko farfesu, shi ne mafi ƙarancin shakka. Inda maganar take shi ne naman da aka shigo da shi: daskararrun kajin da ke sauka a tashar Tema daga Barazil da Amurka da Turai, da yankan naman sa masu tsada da ake gasawa. Wasu kwalayen suna ɗauke da tambarin halal, wasu babu.

Tambayar "halal ne?" ba ta cika fitar da gaskiya ba, domin ma'aikaci mai son faranta maka zai iya cewa e, alhali abin da yake nufi shi ne ba alade ba ne. Tambayar da ke aiki ita ce: daga ina naman ya zo, kwalinsa yana da tambari, kuma a kasko ɗaya ake gasa shi da alade? Ka roƙi a tambayo babban kuku. Otal-otal ɗin nan suna saukar baƙi daga ƙasashen Larabawa da Turkiyya da Najeriya da Senegal, wannan tambaya ba baƙuwa ba ce a kicin ɗinsu, kuma ba a ɗaukar ta a matsayin tsiwa.

Batun yankan Ahlul Kitabi, wanda aya ta 5 ta Suratul Ma'ida ta yi magana a kai, da yadda ya shafi yankan inji na zamani, malamai sun saɓa, kuma malaminka ya kamata ka tambaya tun a gida. Wanda bai natsu ba yana da mafita mai faɗi a garin da ke bakin teku: a mazhabar Malikiyya duk abin da ke rayuwa a ruwa halal ne, daga karfasa zuwa jatan lande da ƙaguwa.

A ina alade da giya suke ɓuya a cikin abinci?

Alade ba ya cika zuwa da sunansa. Bekon, ham, salami, feferoni, furoshuto da corizo duk nasa ne, sai in an rubuta cewa na sa ne ko na talotalo. Taliyar da ake kira kabonara da alade ake yin ta asali, sanwic ɗin kulob yana da bekon, kuma salak ɗin Siza sau da yawa ana barbaɗa masa shi. Lokacin karin kumallo a lura da tsiran-alade, wanda sunansa ma gargaɗi ne duk da akwai na kaza da na sa, a kuma dubi kaskon da ake soya ƙwai.

Giya ta fi wuyar ganewa. Turawa suna zuba ta a miyar da ake kwararawa kan gasasshen nama, da shinkafar Italiya mai suna risoto, da wani lokaci ƙullun da ake tsoma kifi kafin a soya. A kayan zaƙi, tiramisu da kek ɗin 'ya'yan itace na Kirsimeti su ne aka fi sani. Maganar cewa wuta tana ƙone giyar duka ba daidai ba ce, wani kaso yakan rage. Akwai kuma jelatin da ke daskarar da wasu kayan zaƙi masu santsi, wanda sau da yawa daga fatar alade ake samo shi. Wanda ya gaji da bincike ya nufi abarba da gwanda da kankana.

Me zan sha?

Idan aka tambaye ka ruwa, tambaya biyu ce a dunƙule: mai gas ko marar gas, kuma na gida ko na waje. Ka ambaci Voltic ko Bel-Aqua da suna, in ba haka ba ana iya buɗe maka kwalbar da ta taso daga Faransa ko Italiya, mai ninkin kuɗi. Akwai lemon da aka matse nan take, da maltina iri-iri, da sobolo, wato zoɓonmu, wanda yanzu ya shiga manyan wurare. Haɗin da ake kira moktel ba shi da giya, koktel kuwa yana da ita, kuma harafi ɗaya ne tsakaninsu, don haka a faɗa a fili. Shi ma Chapman akan ɗiga masa Angostura, wanda ke da barasa mai ƙarfi, sai a ce kada a sa.

Ya halatta in zauna a ɗakin da wasu ke shan giya?

Hadisin da aka sani ya hana mumini zama a teburin da ake zagayawa da giya. Malamai da yawa suna bambanta teburinka da teburin wani a ɗaki guda, wasu kuma suna ganin nisantar wurin gaba ɗaya ya fi. Abin da ke hannunka shi ne ka nemi tebur nesa da mashaya lokacin da kake kama wuri, ka ce a kwashe kofunan giya da takardarta daga gabanka, ka kuma fifita rana a kan dare. Inda abin ya fi tsauri shi ne liyafar ofis ko ta abokan kasuwanci, wadda ba kai ka shirya ba. Nan ma a nemi fatawa tun kafin ranar.

Cokula da wuƙaƙe sun yi yawa. Da wanne zan fara, kuma zan iya ci da hannu?

Ana farawa da na can waje, a riƙa matsowa kusa da faranti yayin da abinci ke sauyawa. Ƙaramin farantin burodi na hagunka shi ne naka, kofuna kuma na dama. Adikon da aka naɗe a shimfiɗa shi a cinya. Idan ka gama, ka haɗa wuƙa da cokali mai yatsu wuri ɗaya a kan faranti, ma'aikaci zai gane ya ɗauke. In ka yi kuskure babu abin da zai faru, za a kawo wani ne kawai.

Tsarin Turawa yana sa cokali mai yatsu a hagu, mu kuwa da dama muke ci. Sai ka yanka naman loma-loma, ka ajiye wuƙar, ka mayar da cokalin hannun dama. A Gana ba wanda zai ga baƙon abu a nan, tunda ƙabilun Asante da Ga ma suna ƙin miƙa abu da hagu. Sakwara da banku da tuwon shinkafa kuwa da hannu ake cin su ko a otal mai taurari biyar. Ka nemi ruwan wanke hannu in ba a kawo ba.

An tambaye ni yadda nake son a gasa nama, ban san amsa ba.

Matakai ne na dahuwa. "Reya" cikinsa ja ne jawur da ruwa-ruwa, "midiyam" yana da sauran ja a tsakiya, "wel don" ya gasu har ciki. Wanda ya tashi da tsire da balangu, na ƙarshen ne zai yi masa, ko da kuku zai ji haushi a ransa.

Ya dace in je babban otal in ci abincin gida?

A nan ra'ayi ne, kuma nawa shi ne kada ɗan zango ya ɓata kuɗinsa. Waakye sunanta ma daga "wake" ya fito, tuo zaafi tuwo ne mai zafi, koose ƙosai ne, kuma kokon da duk Akra ke sha da safe sunan Hausawa yake ɗauke da shi. Abin alfahari ne a ga waɗannan a jere cikin tasoshin azurfa ana yi wa Bature bayaninsu. Amma kicin ɗin otal yana dafawa ne don harshen baƙi, yana rage yaji, shito ɗinsa, wato soyayyen barkono, mai ladabi ne, kuma babu ganyen da ake naɗe waakye a ciki ya ba ta ƙamshi. Hajiyar da ke sayarwa a lungun Nima tun asuba ta fi su, a kan kuɗin da bai kai na ruwan kwalbarsu ba.

Abin da ya cancanci kuɗin shi ne wanda gida ba ya yi: kifin teku da aka gasa da gwaninta, burodi iri-iri, abincin Italiya ko na Asiya bayan an bi gargaɗin da ke sama. Banda dai idan Baba ko Mma aka kawo, waɗanda ba za su ƙoshi da komai ba sai tuwo. A nan bufe mai ɓangaren abincin gida rahama ne.

Yaya batun salla, da buɗe-baki a watan azumi?

A Akra rana tana faɗuwa wajen ƙarfe 6 duk shekara, da ɗan gaba ko baya, saboda haka tebur na 7 da rabi yana ba da damar yin Magariba a natse. Wanda zai je Ridge yana iya tsayawa a Babban Masallacin Ƙasa na Kanda, wanda aka buɗe a 2021 da taimakon Turkawa. Idan lokaci ya same ka a otal, ka tambayi masu karɓar baƙi. Ko babu ɗakin salla, sukan nuna wuri mai tsabta, kuma ba a rasa Musulmi cikin ma'aikata da direbobi da suka san inda suke yin tasu. Wasu otal-otal suna shirya bufe na buɗe-baki a Ramadan. A tambaya ko abinci zai kasance a shirye daidai kiran salla, domin kicin da ya saba buɗewa 6 da rabi zai bar mai azumi yana kallon agogo.

Surukaina zan kai. Me ya kamata in kiyaye?

Da farko ka tabbata suna so. A al'adarmu suruki ba ya sakin jiki ya ci abinci gaban surukinsa, kuma tebur mai zagaye yana tilasta kallon juna. Dogon tebur ya fi, Alhaji da Hajiya a can sama tare da wani babba da suka saba da shi, kai a ƙasa. Kada a miƙa musu menu mai farashi, domin za su zaɓi mafi araha ko su ce sun ƙoshi, gara bufe, ko ka ce, "Baba, akwai farfesun akuya, akwai kifi, wanne za a kawo?" Wanda ya yi gayya shi ke biya, kuma hanyar kauce wa jayayya ita ce ka tashi kamar za ka wanke hannu, ka biya a kanta.

Da me ake biya, kuma tukuici dole ne?

Ana karɓar sidi a hannu, da katin Visa ko Mastercard, kuma wurare da yawa suna karɓar MoMo, wato biya daga asusun waya, sai dai a tambaya tun a waya, a kuma duba iyakar abin da asusunka ke iya fitarwa a rana. Ka karanta takardar layi-layi kafin ka biya, ka karɓi rasit.

Tukuici ba wajibi ba ne a Gana. Idan an riga an sa kuɗin hidima, kamar yadda aka ambata a amsar haraji, ka sauke nauyi. Idan ba a sa ba kuma an kyautata maka, wajen kashi 10 cikin ɗari ya yi, kuma a hannu ya fi tabbas ya isa ga wanda ya yi aikin. Ba a kiran ma'aikaci da tsaki ko tafi ko "sss" irin na tashar trotro, wato motocin haya. Ɗaga hannu kaɗan ya isa. Kada kuma a yi gulmarsa da Hausa a gabansa, don mai yiwuwa ɗan Aboabo ne ko na Madina.

Idan abincin bai yi ba, ko ya rage, fa?

Idan ya zo da sanyi, ko bai dahu ba, ko ba shi ka yi oda ba, ka faɗa tun loma ta farko ko ta biyu cikin ƙaramar murya, za a canza. Bayan an cinye rabi maganar ta yi rauni. Idan ka ce kada a sa alade ko giya aka sa, manaja za ka nema, kuma ba daidai ba ne a caje ka. Abin da kawai bai yi wa harshenka daɗi ba, alhali an dafa shi yadda ya kamata, wannan kai ka zaɓa.

Ragowar abincin da aka yi oda daga menu naka ne, ka ce a zuba maka a roba ka kai gida, manyan mutane ma suna yi. Na bufe kuwa ba a fita da shi, ko a roba ko a jaka ko a aljihun babbar riga, shi ya sa ake zubawa kaɗan-kaɗan a koma.